Jakar da Ke Bayan Motar Muhandis

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da zan ba ku labari, ni direba ne a wani kamfanin gyaran injinan ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Ina da iƙama lafiyayya, wato takardar izinin zama, da iyali a unguwar Madain Fahd, da tumbin da yake riga ni shiga ɗaki. Amma abin da aka fi sanina da shi baki ne. In na ga kyanwa a hanya, kafin in isa majalisarmu ta shayi a Bab Makka ta zama damisa, kafin a zuba kofi na biyu ta cinye mutum da takalminsa. Kowa ya san halina, a yi dariya a watse. Ban taɓa zaton wani zai ɗauki maganata ya kai ta wani wuri ba.

Wanda nake tuƙawa wani dattijon Bajamushe ne, injiniya, muna ce masa Muhandis. Mutumin kirki ne, da azumi ba ya ko kurɓar ruwa a gabana. Sai dai yana da ɗabi'un da suka tsaya mini a rai. Bai yarda mai ya sauka ƙasa da rabin tanki ba, a garin da kowane lungu akwai gidan mai. Mota kuma dole in ajiye ta hancinta na kallon ƙofar fita. Sannan akwai wata tsohuwar jakar fata a but, ba ya buɗe ta, ba ya bari a sauke ta ko wanki za a yi. Na taɓa tambayarsa, da Larabcinsa mai kama da ana jan buhu a kan tsakuwa ya ce kayan gida ne, yalla mu tafi.

To ni kuwa na samu abin yi. A majalisa na ce na'ura ce a ciki da yake magana da Mosko. Wani tela ɗan Nijar ya ce in daina shirme, ai Jamusawa mutanen Amurka ne. Na ce ai nan gwanintar take, da safe Washinton, da yamma Mosko, Juma'a hutu. Na rantse musu da tumbina cewa na ga eriya ta leƙo daga jakar ta tambaye ni ya iyali. Mai shayi ya yi dariya har ya ƙona yatsa. A cikinmu akwai wani haifaffen Jidda mai gadi a kamfaninmu. Shi ma dariya ya yi, ya je ya maimaita wa abokan aikinsa da Larabci, su ma suka ba wasu. A hanya eriya mai gaisuwa ta faɗi, dariyar ta faɗi, abin da ya isa kunnen mudir, shugaban kamfanin, shi ne direban Bajamushe ya ce maigidansa jasus ne, ɗan leƙen asiri.

Tashar jirgin ruwa ba wurin wasa da irin wannan magana ba ce. Aka riƙe katin shigar Muhandis, aka kira mu ofis, aka ɗora jakar a tebur gaban manyan kamfani. Shi da kansa ya buɗe. Rigar sanyi ce ta ulu, a Jidda fa, da ƙaramin rediyo mai batir, da tocila, da gwangwanin wake, da biskit, da hoton wata mata riƙe da yaro. Mudir ya juyo ya ce ya haj, ina Mosko ɗin? Na ce wallahi wasa ne. Ya ce kamfani ne kafilina da ya tsaya mini na samu iƙama, in shirya, wasan zai ƙarasa a jirgin Kano. Ni kuwa 'ya'yana ba su san wani gari ba sai Jidda. Muhandis ne ya ce a bar ni, shi aka yi wa, shi kuma ya yafe, halas.

A hanyar komawa ya ce in bi ta bakin teku, nan ya ba ni labarin da ban tambaya ba. Ya ce a wani ƙauye ya tashi a Jamus ta Yamma, daf da waya da hasumiyoyin da suka raba ƙasarsu biyu. Bai ɓoye ba, ya ce sun ji daɗi, kanti cike da kaya, sojojin Amurka na jefa wa yara cakulan, har mahaifiyarsa na aika wa 'yan uwa gahawa can gabas inda take wuya. Amma tankokin Amurkan nan su ne ke ratsa gonakin dankali suna atisaye, jiniya kuma ana gwada ta a kai a kai, kuma kowane yaro ya san in Amurka da Rasha suka kaure, a kan rufinsu za a fara. Shi ya sa mahaifiyarsa take ajiye jakar nan a bayan ƙofa, mahaifinsa yake ajiye mota da mai tana kallon yamma. Ya ce yaƙin bai zo ba, katangar da ta raba su ta faɗi, amma jikinsa bai samu labari ba.

Sai ya zo kan abin da ya fi ƙona ni. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana da ƙane a gabas, yakan kai masa ziyara. Wani maƙwabci ya yi raha a mashaya cewa kullum yana kai wa 'yan gurguzun gabas rahoto. Aka bincika ba a samu komai ba, amma aka ɗauke shi daga aikinsa aka kai shi inda ba ya ganin komai, maƙwabta suka riƙa yin shiru in ya shigo. Ya ce min ya Sheikh, shi ma wancan mutumin ba mugu ba ne, yana son a yi dariya ne kawai, kamar kai. Ban taɓa yin shiru mai tsawo irin na ranar ba, har da na koma gida matata ta taɓa goshina ta ce Malam ko zazzaɓi ne?

An mayar masa da katinsa. Amma a wurin aiki in ya shigo sai hira ta mutu, matasa kuma suna ce masa Abu Mosko a bayan ido. Na bi majalisa na ƙaryata kaina, ba wanda ya maimaita wannan, don babu daɗin ji. Da kwangilarsa ta ƙare bai sabunta ba. Ya ce wannan shirun ya san shi tun a gidan ubansa, ba zai tsufa a cikinsa ba. Ni na kai shi filin jirgi, jakar na kan cinyarsa. Ya leƙa allurar mai ya ce yanzu in na so in bari ta kai ƙasa.

Har yau ban bari ba. Ina nan ina raha, kyanwata tana zama damisa, amma ba na ƙara sa mutum mai rai a ciki. Abin da muke wa dariya a jikin baƙo, sau da yawa tabon wani tsoro ne da ba mu san shi ba. 'Yan uwana masu baki irin nawa, ku tuna dariyar a majalisa take tsayawa, maganar ce ke wucewa ita kaɗai. Ni iƙamata ta tsira, shi ne ya bar gari.