Ruwan da ya kwanta a tumatirin Baba

A shekarata ta farko a jami'a, wajen tsakiyar shekarun tamanin, ban iya komai na aikin lauya ba sai yin tambaya. Amma a ƙauyenmu da ke gefen Bunkure, tun ranar da aka ji an ɗauke ni karatun shari'a a Kano aka daina kirana da sunana. Ko masallaci na nufa sai in ji an ce, "Lauya, an zo lafiya?"

Abin da ake koya mana lokacin bai wuce share fage ba. Jerin kotuna daga ta alƙalin yanki har Kotun Ƙoli, da yadda shari'ar Musulunci da al'ada da dokar da Turawa suka bari suke zaune a ƙasa ɗaya. Darasin da ya fi gundurarmu shi ne na wani malami dogo mai sanyin murya. Yakan zaunar da mu biyu-biyu, ɗaya mai ƙara, ɗaya lauyansa. Da mai ƙara ya fara zuba, sai malamin ya ɗaga hannu ya ce wa lauyan, "Tambaye shi, da idonsa ya gani ko labari aka ba shi?" Ba ya yarda kowa ya ce wane ne mai laifi sai an ji ta bakin wanda ake ƙara. Yakan kuma ce duk abin da mutum ya faɗa maka a asirce amana ce. Mu kuwa mun ƙagu mu sa baƙar riga mu yi ta zuba Turanci gaban alƙali.

Da aka yi hutu na iso gida da hantsi, aka ce Baba yana gona. Na bi gefen kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, na same shi tsaye, wando a naɗe, yana kallon fangalin tumatirinsa. Ruwa ya kwanta a kusan rabin gonar, 'ya'yan da suka fara ja sun yi laushi suna wari. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "Gara da Allah ya kawo ka. Gobe za ka raka ni kotu."

Wanda Baba zai kai ƙara maƙwabcin gonarmu ne, dattijo da ya girme shi, muna ce masa Baffa ko da yake ba mu haɗa jini ba. Tun da gwamnati ta yanka filayen noman rani ta sake rabawa suke iyaka da juna. Baba ya ce Baffa ne ya saki ruwa ya tafi abinsa, kuma ba yau ya fara ba.

Na ce, "Baba, kun gan shi lokacin da ya saki ruwan?"

Ya juyo ya dube ni. "Ni kake wa tambayar 'yan sanda? Da rani ruwa daga sama zai sauko?"

"Wa ya ce muku da gangan ya yi?"

"Kowa ya sani."

Na roƙe shi ya ɗaga mini zuwa jibi. Ya yi tsaki, ya ce shi ya sa wasu ba sa son boko, ka tura ɗanka ya dawo yana kare abokin faɗanka. Amma bai hana ni ba.

Washegari na sami Baffa a zaurensa yana tufka igiya. Na yi sallama ina tsaye a bakin ƙofa, cikin haske, ya ɗago ya ce, "Wane ne?" Na faɗi sunana, na durƙusa na gaishe shi. Na ce ba rigima ta kawo ni ba, so nake ya nuna mini yadda ya yi ban ruwa ran nan.

Muka tafi gonar. A hanya na lura yana jan ƙafa a kan kunya, kamar mai laluben tsani. Ya tsuguna bakin kanal, ya shafa da hannu har ya sami bututun robar da ake zuƙo ruwa da su, ya nuna mini inda ya jera su. Can ƙasa kuwa, wajen iyakarmu, kunya ta ɓalle, ɓarakar ta isa akuya ta wuce.

Na ce, "Baffa, kafin ku tafi kun ga wancan wurin?"

Ya juya fuskarsa wajen da muryata ta nuna masa. Sannan ya ce, "Ɗana, ni yanzu ruwa da ƙasa duk fari nake ganinsu, kamar hayaƙi. Tun damina."

'Ya'yansa maza duk sun tafi neman na kansu a kudu. Tsoronsa kada a ji, dangi su ce ya huta, su karɓe gonar, ya koma wanda ake miƙo wa tuwo a zaure. Ya kama hannuna ya ce, "Don Allah kada ka faɗa wa kowa."

Nan na rasa yadda zan yi. Na ce, "Ba zan faɗa ba sai da izininku. Amma in na yi shiru, Baba zai tafi kotu, can kuwa gaban jama'a za a yi muku wannan tambayar. Ku bar ni in gaya wa mutum ɗaya." Sai da muka kusa shiga gari ya ce, "To. Shi kaɗai."

Bayan la'asar na zauna da Baba a ƙofar gida. Na faɗa masa gaskiya iyakar ɗan sanina, cewa in ya kai ƙara da wuya ya faɗi, don ɓarna ɓarna ce ko da niyya ko babu. Sannan na gaya masa abin da na gani. Ya murza hularsa a gwiwa.

"Kullum kafaɗarmu ɗaya a sahu," in ji shi, "ban lura ba."

Ya tashi ya nufi zauren Baffa shi kaɗai. Ban san abin da suka ce wa juna ba, bai kuma taɓa faɗa mini ba. Daga ranar dai, in ruwa ya zo layinmu Baba ne ke shayar da gonakin biyu. Hakan bai hana shi mitar tumatirinsa ba har kakar ta ƙare.

Kafin hutuna ya ƙare muka kai Baffa asibitin ido a Kano, ni ne ɗan jagora tunda na ɗan san gari. Likita ya ce yanar ido ce. Aka yi wa ido ɗaya aiki, ɗayan kuwa aka ce ya riga ya mutu.

Ranar da aka cire masa bandeji muka shiga motar haya, Baba ya bar masa gefen taga. Da muka baro gari ya manna fuskarsa a gilashi, yana faɗin duk abin da ya gani kamar mai ƙirga dangi. Ga alkama, ga Fulani da shanu, ga wata mata da tulu. Da muka iso filayenmu ya hango gonarsa, ya taɓa gwiwar Baba.

"Malam, wa ya shuka mini albasa a karkace haka?"

Baba ya ce, "Kai ne."

Dariya Baffa ya yi ta yi har direba ya waiwayo.