Bajon da Bai Taɓa Shiga Ƙurya Ba

Yayana mahaƙin ma'adini ne, tun da na yi wayo ban san shi da wata sana'a ba. Abokan aikinsa Bargo suke ce masa, wai don ba wanda zai yi laifi a ƙarƙashin ƙasa bai rufa masa asiri ba. Ni kuwa Auta yake ce mini, har yau da furfura ta cinye mini kai. Shagon ɗinkina yana daura da ƙofar kamfanin da yake wa aiki, rabin aikina facin kayan ma'aikata ne, gwiwar wando da aljihu da zik. Shi ya sa duk abin da ake yi a ramin nan sai ya biyo ta kan kekena.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, in ya yi dariya har maƙwabta sai sun leƙo. Ba ya iya cin abinci shi kaɗai, ko biredi ne sai ya yaga ya miƙa wa na kusa. Taurin kai kuwa, Allah ya zuba masa shi ba awo. Ina son sa fiye da duk 'yan'uwana, kuma ba wanda ya kai shi ba ni haushi.

Dutsen da suke haƙa ba kamar sauran duwatsu ba ne. Yana fitar da wani tururi wanda ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya ko sa atishawa. Mutum zai shaƙe shi yana raha, ya shiga huhu ya kwanta ya yi lamo, sai bayan shekaru ya tashi da mai shi. Saboda haka aka kafa dokoki. Manyan fankoki na tura iska ta bututu zuwa kowane lungu. Ba a cin abinci ko shan taba a bakin aiki. Sannan kowa da bajonsa, wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana da ake maƙalawa a ƙirji. Bajon ba ya ƙara, ba ya haske. Shi dai abin da mai shi ya shaƙa yake sha, ƙarshen wata a karɓa a kai a auna. Wanda nasa ya wuce ƙa'ida sai a fito da shi sama, a ba shi shara ko wankin motoci har jikinsa ya huta.

Doka mai kyau, ko ni tela na san haka. Amma je ka faɗa wa maza. A wurinsu fitowa sama abin kunya ne. Duk wanda aka gani da tsintsiya a farfajiya, amarya ake ce masa, a bi shi da guɗa har ƙofar banɗaki. Akwai kuma abin da ya fi tsokana nauyi: in an cire mutum daga cikin ayari, baƙo ake kawowa a gurbinsa. A ƙarƙashin ƙasa kuwa baƙo abin tsoro ne, domin rufin rami yana magana kafin ya faɗo, kuma sai wanda ya daɗe a wurin yake gane muryarsa.

A can ƙarshen ramin akwai wani lungu da suke kira Ƙurya, saboda daga shi ba gaba. Nan ne dutse ya fi kyau, nan ne kuma zafi ya fi tsanani, iskar fanka kafin ta iso ta gaji. Da aka buɗe shi kowa ya noƙe, Yaya ya ce shi da mutanensa za su shiga. Awon farko aka kwashe masa mutum biyu zuwa shara, aka ba shi sababbi. Ba a daɗe ba rufi ya yi ɗan ƙara, ɗaya daga cikin sababbin ya ji bai san mene ne ba, bai yi ihu ba. Dutse ya sauko a kan ƙafar Mai Sanƙo, aminin Yaya tun suna samari. Yaya ne ya goyo shi har bakin kejin da ke hawa da su sama. Mai Sanƙo ya warke, amma da ɗingishi ya dawo.

Daga ranar Yaya ya buga ƙusa a bayan wani bututu, a gindin keji inda iska mai sanyi ke saukowa daga sama. Da safe in sun sauka sai kowa a ayarinsa ya cire bajonsa ya rataya, da yamma ya ɗauka ya maƙala a ƙirji, ya fito yana murmushi. Da yake shi mai dabara ne, wasu ranaku yakan sa su tafi da su rabin hanya, don kada awon ya fito fes har a yi zargi. Ba a sake raba ayarinsa ba.

Ni a riga na gane. Akwai ɗan madauri da nake ɗinka wa kowa a ƙirji don maƙala bajo, kuma shi ne abin da ya fi saurin tsinkewa, domin mutum yana sunkuyo yana gogar dutse da shi yini guda. Na ayarin Yaya kuwa sai riga ta mutu madaurin yana nan sabo. Ran nan ya kawo mini faci na tsare shi.

"Yaya, ina kuke ajiye bajon nan?"

"A ƙirji mana. Ko a hanci kike so mu saka?"

"Kada ka raina mini hankali. Ni nake ɗinka madaurin."

Ya yi dariyar nan tasa, ya zauna a kan buhun yadi. "Auta, bajo bai taɓa riƙe dutse ba. Mutum ke riƙe ɗan'uwansa. Abin da zai kashe ni nan da shekaru masu yawa, da abin da zai murƙushe ni gobe da safe, wanne kike so in ji tsoro?"

"Duka biyun!"

"To ke ki ji mini tsoron ɗaya, ni in ji ɗaya. Mun raba aiki ke nan."

Na jefe shi da wandonsa, ya cafe ya fita yana ce mini sarkin masifa. Na yi ta yi masa magana bayan nan, matarsa ta yi, ko a jikinsa. Abin takaici, kamfani har agogon bango ya ba ayarinsa, wai su ne suka fi kowa kiyaye doka. Ya kawo ya rataya a falo, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. Ni in na shiga gidan ba na ko kallon bangon.

Shekaru suka ja. Tarin ya fara kamar wasa, irin na wanda ruwa ya sarƙe. Sai ya zama in ya hau matakala biyu ya tsaya ya dafa bango. Kafaɗun nan suka zube, rigarsa ta koma tana yi masa yawa, na riƙa rage masa ita ba tare da ya ce in rage ba. A asibiti suka ce ciwo ne a huhu, kuma ya yi nisa. Ya ajiye aiki ya dawo gida, ya samu kujera a bakin ƙofa inda yake hango hasumiyar keji. Bai taɓa cewa na faɗa masa ba, ni ma ban ce ba, domin ganinsa kawai ya ishe ni baƙin ciki.

A lokacin ɗansa ya riga ya shiga aikin. Dogo muke ce masa, shiru-shiru ne, bai ɗauko komai na ubansa ba sai hannuwa. Ya yi aure yana zaune a gidajen kamfani, yakan zo gaisuwa ranar hutu. Yaya ya san an sa shi a wani lungu kusa da keji, inda iska take da kyau, hankalinsa a kwance. Shi Dogo ba mai ba da labari ba ne, shi kuma uban ba ya son hirar ramin tun da ya bar shi.

Wata ranar hutu da la'asar ina gidan, Dogo ya zo. Uwarsa ta ce ya rame, ya ce zafi ne, wurin da suke yanzu kamar cikin tukunya yake.

"Wane wuri?" in ji Yaya.

"Ƙurya mana, Baba. Ai mun daɗe da komawa can, tun kafin bikina."

Yaya ya ajiye kofin da ke hannunsa a hankali. "Fankar fa? Babbar fankar nan da ke bakin lungun?"

"An ɗauke ta an kai sabon rami. Sun ce duk ramin ba inda ya kai Ƙurya iska mai tsabta, shekara da shekaru awon mutanenka bai taɓa hawa ba. Ƙarama aka bar mana. Har ma an cire dokar nan ta fitowa shan iska tsakiyar aiki."

"Bajonka fa?"

Dogo ya sunkuyar da kai yana ɗan murmushi, irin na wanda yake jin zai faranta wa uba rai. "Yana inda naka yake zama. Mai Sanƙo ne ya nuna mana."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu yana zaune ba sai ran nan. Tari ya taso masa ya danne, ya sake tasowa ya danne, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Dogo ya tashi zai riƙe shi, ya ture hannunsa. Tsoro ya kama ni har cikin ƙashi, ba don Yaya ba, don dogon yaron nan da ke tsaye yana tambayar me ya faɗa ba daidai ba.

Washegari Yaya ya ce in raka shi kamfani. Tafiyar da a da yake yi yana waƙa, sai da muka zauna hutawa a hanya ya fi a ƙirga. Ofishin mai awo ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan wurin cajin fitilu, bajo rataye a allo jere-jere, kowanne da lambarsa. Mai awon mace ce, ba ta kai Dogo shekaru ba, ita kaɗai ga ramin gaba ɗaya. Ta taso ta ba shi kujerarta, domin kowa ya san Bargo.

"'Yata," ya ce, "bajona bai taɓa shiga Ƙurya ba. Na mutanena ma haka. Na waɗanda ke can yanzu ma haka."

Ta kalle shi. "Baba, tun yaushe?"

"Tun kina makarantar firamare."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki hular kwano da na'urarta ta hannu, wadda ita tana ƙara in ta ji tururin, ta fita. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ka san ba zan iya rufe wannan ba."

"Na sani. Rufewar ce ta kawo mu nan."

Waɗanda suka sauka da ita sun ce tun kafin su hango bakin Ƙurya na'urar ta fara kuka, da suka matsa sai kukan ya haɗe ya zama ɗaya, ba tsayawa. A take ta sa kowa ya ajiye kayan aiki ya fito. Kafin yamma an toshe lungun da katako da siminti. Aka tarwatsa ayarin, aka kori wasu, aka fito da sauran sama. Mai Sanƙo ya biyo ta ƙofar gidan Yaya yana ɗingishi, ya kalle shi a kujerarsa, ya wuce ba sallama. Yaya bai kira shi ba.

Aka tura duk wanda ya taɓa aiki a Ƙurya ɗaukar hoton ƙirji. Ranar Dogo, Yaya ya nace sai ya je. Muka zauna a benci a barandar asibiti, ƙamshin maganin goge ƙasa na hawa mini kai, shi kuma numfashinsa na fita da ɗan fito. Duk wanda ya yi tari a layin sai ya ɗaga kai ya duba ko daga ɗakin da Dogo ya shiga ne.

Can sai ga shi ya fito yana gyara maɓallin riga, fuskarsa a sake. "Baba, likita ya ce ba komai. Huhuna fes."

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Yaya kuwa ido ya zuba masa.

"Sai me kuma ya ce?"

"Ya ce wai abin ba ya nunawa da wuri. In riƙa zuwa duk shekara ana dubawa."

"Har zuwa yaushe?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Bai sa rana ba. Ya ce in dai riƙa zuwa."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya aike shi ya samo mana abin hawa, ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Sannan ya laluba ya kama hannuna, tafinsa ba nauyi ko kaɗan.

"Auta, hoton ƙirjina ma fes ya riƙa fitowa, shekara da shekaru," ya ce. "Dogo ba ya son asibiti, kin san halinsa, zai ce aiki ya yi masa yawa. Baɗi ke za ki rako shi. Ki yi masa masifar nan taki har sai ya zo."