Dutsen da ya yi kumfa a ajina

Shekarar da aka turo ni gwajin koyarwa wata sakandare a Tudun Wadan Zariya, saura ƙiris in koma gida hannu rabbana. Malamin da ke zuwa daga kwalejinmu ta unguwar Kongo ya duba mu, wani dattijo mai ƙarancin fara'a, ya riga ya ga darasina na farko ya watse. Ya ce in na biyu ya zama haka, sai na maimaita shekara.

Darasin kuwa kan yadda ruwa ke cin dutsen farar ƙasa ne. Da na gwada shi kwana biyu kafin zuwansa, ajin ya kwashe da dariya. Ban ga laifinsu ba. Ɗan Zariya dutse ɗaya ya sani, irin na Kufena, wanda damina ke duka tun zamanin kakanni ko gezau bai yi ba. Amma raina ya ɓaci, har na kasa cin tuwo.

Kawuna direban tirela ne, yana ɗauko siminti daga wajen Sakkwato. A gaban motarsa na ga wani farin dutse, irin na farar ƙasar nan, da yake danne takardu da shi, na roƙa. Ya ce, "Karatun naki ya koma tsintar duwatsu ke nan?"

Ranar dubawa na ajiye shi kan tebur kusa da tsakuwar bakin titi, na yanka lemun tsamin Inna na matsa wa kowanne. Tsakuwar ta jiƙe kawai. Farin dutsen ya fara kumfa yana 'yar ƙara, kamar an jefa kanwa a miyar yakuwa. Yara suka taso suka kewaye ni.

Na ce musu ruwan sama ma da ɗan tsaminsa, sai dai ba ya gaggawa. Yana bin tsaga yana faɗaɗa ta, har rafi ya shige ƙasa ya ɓace, ya rarake kogo a ciki, wata rana rufin ya rufta ya bar rami a gona.

Wata ɗaliba daga baya ta ce, "Malama, ke nan akwai inda mutum zai yi noma, kogi na gudu a ƙarƙashinsa?"

Kafin in buɗe baki, dattijon ya ajiye bironsa ya taso. Ya ce, "Akwai. Ku matsa mini in gani." Ya karɓi ɓarin lemun ya matsa da kansa, ya kara kunne.

Daɗi ya cika ni. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, ba sai na dawo ba."