Ɗan Azumi Da Baƙonsa Aghali

A ƙauyenmu da ke kusa da Tarka, in rigima ta taso ba a zuwa wurin mai gari sai an fara biyawa ta gindin aduwar Ɗan Azumi. Ba don ya fi kowa sani ba ne, karatunsa bai yi nisa ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne gemu mai kyau, da iya jinjina kai, da yalwar lokaci, don gonarsa matarsa Raishatu ce da ƴaƴanta ke nome ta.

Shawararsa kuwa kullum baki biyu gare ta. Ranar da maƙwabcinsa Dado ya kawo ƙarar ƙanensa da ya ci masa iyakar gona, Ɗan Azumi ya shafa gemu ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa rabin jiki ne. Amma fa wanda ya bari aka ci masa iyaka bana, baɗi rumbunsa za a ɗauke." Dado ya yi godiya ya tafi ya aikata abin da dama ya yi niyya. Haka kowa ke yi. In abu ya yi kyau Ɗan Azumi ya ce ai ya faɗa, in ya ɓaci ma ya ce ai ya faɗa. Mutane suka ɗauka hikima ce. Raishatu kaɗai ta san haka zuciyar mijinta take, ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Yana da aboki, wani Buzu mai raƙuma da ake kira Aghali, abotar da suka gada daga iyayensu. Duk kaka Aghali kan sauka gidansa da gishiri da dabino, raƙuma su ci kara a gona su bar taki. Tun ba a gama yankan hatsi ba Ɗan Azumi zai sa a share zaure, yana tare matafiya yana tambayar ko sun ga ayarin abokinsa. Amma da zarar Aghali ya sauka ya ɗora butar shayi, sai ka ga Ɗan Azumi ya shiga cikin gida yana tsaki.

"Kin ga yadda yake miƙo mini kofi da yatsa biyu? Kamar yana ba bawansa."

"To Malam, ka ce masa kar ya ƙara zuwa mana," in ji Raishatu.

"Ke! Duk ƙasar Damargu akwai mutum irin Aghali?"

Da aka yi fari a 1973, Aghali ya iso a ƙasa, ba raƙumi ko ɗaya, daga shi sai matarsa da yara da butar shayi. Ɗan Azumi ya rungume shi ya yi kuka, kukan gaske, har da majina. Ya yanka zakaran da ya rage a gidan, ya kafa musu bukka a bayan danga. Da gwamnati ta kawo jar dawar taimako daga Tanout, ya raba rabonsa da su. Wannan duk gaskiya ne, ba mai ƙwace masa shi.

Amma a makon nan aka ga tafiyarsa ta sake. Ya riƙa zagaya kasuwa yana tsayar da wanda bai tambaye shi ba: "Ka ji abin da ya sami Aghali? Mai raƙuma fa! Yau a bayan dangata yake kwana. Duniya kenan." Yana faɗa da muryar tausayi, fuskarsa kuwa sai ƙyalli take. In masu neman shawara sun taru gindin aduwa, sai ya ɗaga murya: "Aghali! Ɗebo wa baƙi ruwa." Mutumin da bai taɓa ɗaukar tulu ba ya tashi ya ɗauko, rawaninsa rufe da baki. Da baƙi sun watse kuma sai kunya ta kama Ɗan Azumi, ya kwashi babbar rigarsa ta Juma'a ya kai wa Aghali kyauta, washegari ya tashi yana ƙorafin ba shi da rigar zuwa masallaci.

Bayan fari ya wuce, wani ɗan'uwan Aghali ya aiko cewa ana ɗaukar gardi, wato masu gadi, a Arlit. Aghali ya zo da safe neman shawara. Ɗan Azumi ya ce, "Tafi. Namiji ba ya tsufa a inuwar wani." Da la'asar ya bi shi har bukka ya ce, "Kar ka tafi. Wa ka sani a can? Mun kore ka ne?"

Aghali ya dube shi ya ce, "Aboki, na ji biyu. Wacce ce taka?"

Ɗan Azumi ya shafa gemu. Da ƙyar ya ce, "Duka."

"To ni ƙafata guda ba ta bin hanya biyu," in ji Aghali. Ya ɗaure kayansa.

Ɗan Azumi ya raka su har tashar Tanout, ya riƙe ƙarfen kamiyo, babbar motar da suka hau, yana bin ta da gudu sai da yaron mota ya daka masa tsawa. Da ya dawo gida ya ce alhamdulillahi, an huta da ciyar da ƙato. Sannan ya ture ƙwaryar tuwo ya kwanta fuskarsa na duban bango.

Da fari ya dawo a 1984, rumbunan ƙauyen suka koma wurin kwanan ɓeraye. Sai ga direba ya sauke buhunan shinkafa da gero a ƙofar Ɗan Azumi, saƙo daga Aghali. Ɗan Azumi ya ci shinkafar nan fiye da yaran gidan, yana ci yana cewa, "Ramuwa ce. So yake gari ya san yanzu shi ne sama." In ya idar da salla kuma ya daɗe yana yi masa addu'a.

Bayan wani lokaci labari ya zo Aghali na kwance ba lafiya, yana son ganinsa. Raishatu ta wanke masa tufafi ta daka masa garin fura na guzuri. Ya ce bari a yi shuka. Aka yi shuka ya ce bari a yi noma. In ya tuna da shi hawaye ya zubo, in ya tuna zai shiga gidan simintin Aghali ya zauna a matsayin wanda aka ciyar, sai ya kwance ƙunshin kayan. Garin furar ya yi tsami aka ba awaki.

Bayan kaka babban ɗan Aghali ya zo da kansa ya faɗi rasuwar. Ya ce, "Baba, har ƙarshe yana cewa kai kaɗai ka buɗe mana ƙofa a shekarar yunwa."

Ɗan Azumi ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Can ya ce, "Bai ce komai ba kan... zaman da muka yi?"

"Ya ce," in ji saurayin.

Ɗan Azumi ya kakkaɓe ƙasar hannunsa. Ya tashi ya kwanto ragon da ya fi kowanne ƙiba ya danƙa masa, ya ce a yi sadaka. Ya tsaya bakin hanya yana kuka har suka ɓace. Da ya shigo gida ya ce wa Raishatu yaron nan bai iya godiya ba, da ƙaramin ragon aka ba shi ma ya isa.

Raishatu na tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Bai yi nisa ba, Malam. Bi shi ka karɓo."

Bai bi shi ba. Ya ɗauki tabarmarsa ya fita, don akwai wasu mutum biyu da ke jiransa da rigimar jaki.