Faifan da Ya Rage a Motar Yaya Sabi'u

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Sabi'u, kuma har yau idan na bi ta layinsu a unguwar Soundview, nan ƙasar Turawa, ranar kwashe shara sai na kau da kai. Ba kuka ke zo mini ba, takaici ne.

Direban tasi ne, filin jirgi yake yi. Wata rana ya ɗauko wasu Turawan Suwidin masu gashi har kafaɗa, da akwatunan kayan kiɗa, da za su sauka suka ba shi faifansu. Shi ke nan fa. Mutumin da ko biki ba ya zuwa sai ga shi yana bin shagunan tsofaffin faya-fayai yana tara duk abin da suka taɓa bugawa. Ko kalma ɗaya ta yarensu bai ji. Kiɗa ɗaya sai ya kai ka daga unguwar Jamaica ta wajen filin jirgi har gadar tsallakowa unguwarmu bai ƙare ba: jita ta yi ta kuka, ganga ta ɓace ta dawo, can sai sarewa ta shigo a hankali. Ni ce masa nake injin niƙa ne ya lalace. Sai ya yi dariya ya ce in jira sarewar, irin ta makiyayan bayan garinmu ce sak.

Da ya rasu, Kawu Ilu, wanda shi ne babbanmu a nan, ya zo raba kayan mamaci ranar sadakar bakwai. Riguna da takalma aka bayar sadaka. Da ya buɗe kwalin faya-fayan ya ga zane-zanen jikinsu, sai ya ce kayan shaiɗan ne, a fitar kada su zame wa mamaci nauyi a kabari. Na yi magana, aka ce mace ta yi shiru ana maganar maza. Da idona na ga an jibge su a bakin titi tare da buhunan shara, cikin ruwan sama.

Da abin ya tsaya nan da na haƙura. Amma maganar ta bi 'yarsa Hajara, wadda a lokacin ko makaranta ba ta fara ba. Ta taso tana jin mata a wajen suna suna cewa ubanta mutumin kirki ne, sai dai ya ɗan kauce. Mutumin da yake ajiye mota ya shimfiɗa darduma a gefen titi cikin ƙanƙara, shi ne ya kauce!

Bana Kawu Ilu ya aurar da ɗansa. An ɗauko mai sa kiɗa, lasifika kamar za ta tsaga bango, waƙoƙin kuwa batsa ce tsagwaronta da Turanci, yara na bi baki da baki. Kawun yana tsakiyar fili da babbar riga yana juyi. Na tambayi kaina me Yaya zai ce da ya gani. Na san shi, fita zai yi ya zauna a mota. Ni da ba ni da haƙurinsa, hannun Hajara na ja muka yi tafiyarmu.

A hanyar komawa Hajara ta tambaye ni, da Turanci kamar kullum, wai da gaske babanta ba mutumin Allah ba ne?  Akwai faifai ɗaya da Kawu bai gani ba, don yana cikin rediyon motar lokacin da na je karɓo ta, kuma shekara shida ban iya saka shi ba. Ran nan na saka mata.

Ta yamutsa fuska yadda nake yi a da. Na ce ta jira. Da sarewar ta shigo sai na ji tana bi a maƙoshi, tana riga ta hawa da sauka, har ƙarshe ba kuskure.

Ta juyo, da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce, "Gwaggo, wannan ai waƙata ce. Ita Baba yake yi mini idan na ƙi barci."

Rigunan da aka raba sun daɗe da yagewa a jikin mutane. Wannan waƙar kam Kawu bai san inda aka ajiye ta ba, balle ya fitar da ita bakin titi. Allah ya jiƙan Yaya Sabi'u.