Hajiya a Ɗakin Gashi

Ni ɗan fari ne, don haka a ɗakin kakata na tashi, a gidanmu na Soron Ɗinki. Mahaifiyata na tsallaken tsakar gida, amma ba ta taɓa kama sunana ba. Ina ƙarami "yaron nan" nake. Da na gama karatun likita, na ɗora da na gashin ciwon daji, wato ƙona ciwon da hasken inji, sai na samu ƙarin girma na koma "mutumin asibiti". Ni kuma Hajiya nake ce mata, kamar kowa.

Aikin ya cinye ni. Injinmu in ya yi aiki yau, gobe ya kwanta, majinyata su yi ta zaman jira a benci. Abin da ya fi gajiyar da ni kuwa mata masu zuwa a makare, bayan an sha jiƙe-jiƙe an shafa duk abin shafawa. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Ko a soron gidanmu, in maƙwabta suka tare ni da hotunan asibiti, karatun ɗaya ne: in kun ji ƙullutu, ku zo da wuri.

Ashe Hajiya na ciki tana ji, da nata ƙullutun a mama. Ƙanwata ce ta gano, ranar da ta ga jini a rigarta wajen wanki.

"Yaya, ya fi shekara," in ji ta. "Na ce me ya hana ta gaya maka, ta ce da wane bakin za ta faɗa wa ɗan fari wannan?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan yi wa faɗa? Ina ganin hoton farko na san ciwon ya yi nisa.

Bayan tiyata aka kawo ta gashi, na danƙa ta ga wata abokiyar aikina. Ƙa'idar ita ce mara lafiya ya kwanta shi kaɗai, wurin ciwon a buɗe, kada ya motsa ko kaɗan. Mu kuma muna bayan bango, muna kallonsa ta talabijin, mu yi masa magana ta lasifika.

Na gan ta 'yar ƙarama a ƙarƙashin injin, hannunta a ɗage sama da kai, leɓenta na motsi. Tausayi ya kama ni, ban san lokacin da na danna lasifikar ba.

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ina nan."

Tana jin muryata ta sauke hannu, ta jawo zane ta rufe ƙirjinta. Dole aka tsayar da injin, a sake saita ta daga farko.

Abokiyar aikina ta juyo. "Likita, don Allah."

Na cire farar rigata, na je na zauna a benci cikin 'yan jinya. Can na riƙa zama har ta gama gashin, kuma ba ta ga azumin shekarar ba. Duk karatun da na sha, abin da na iya yi wa uwata ke nan, in fita in ba ta wuri.