Alhaji Sale da Ƙeyar Gidanmu

Duk wanda ya san kakana Alhaji Sale ya san ba ya buɗe akwatin hotunansa sai ya yi sallama. Har jira yake kaɗan, wai ko za a amsa.

Lokacin yaƙin Hitila aka kwashe mahaifinsa zuwa haƙar kuza a Jos, shi yana goye. Bai dawo ba, hoto kuma babu. Tunda Alhaji ya yi ritaya a unguwar Levenshulme, can ƙasar Turawa, ba shi da aiki sai bin kasuwar tsofaffin kaya yana sayen hotunan ma'aikatan kuza, yana neman fuskar da bai taɓa gani ba.

Ni ce direbarsa, don ni kaɗai ke iya yi masa tsawa. Ya taɓa sa na kai shi har Birmingham wajen wata tsohuwar Baturiya da kakanta ya yi aiki a Jos, don ganin hotunan da ya bari. Ya ƙura wa hoto ɗaya ido, ya dangwala yatsa kan wani mai kwano a ka.

"Amarya, ga Baba."

"Alhaji, mutumin nan baya ya ba mu."

"To ke ba ki san ƙeyar gidanmu ba? Juya Baturiya ta gani."

Wallahi sai da na juya.

Da matarsa Hajiya ta ce hotuna na hana mala'iku shiga gida, bai yi musu ba. Ya kwashe su zuwa gareji, ya ɗauki butarsa. "Ku zauna da mala'iku a falo, mu muna waje."

Shi kansa in za a ɗauke shi hoto, ƙamewa yake kamar soja, wai haka mutanen kirki ke yi. Ranar bikin yayata an gama ɗauka, an watse, an fara cin abinci, yana nan tsaye. Ni na je na ce masa an sallame shi.

A asibiti, da ya kwanta ciwon ajali, haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kowace shekara da sabon Baba. Tsakani da Allah, wanne ne?"

Ya ce, "Ban sani ba, amarya. Amma kowannensu uban wani ne, kuma ba wanda ya zo nemansa. Kar ki bari a zubar da su."

Hotunan suna ɗan gidana yanzu, sun cinye rabin ɗakin.

Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya jiƙan mutanen cikin akwatin nan da ba mu san sunansu ba. Allah Ya sada shi da mahaifinsa, ya gan shi ido da ido.